Wa Ya Koya Wa Magina Aikin Kwamfuta?

Ke da kike turara shinkafa a Kura, ko kike shanya tumatir a Bunkure, kin taɓa tambayar kanki yadda ruwan Tiga yake yin wannan doguwar tafiya har ya iso gonar maigida? To, gangara ce kurum ke kawo shi. Amma fa gangaran nan aunawa aka yi. In mai awo ya kuskure da ɗan abu kaɗan, sai ruwa ya kwanta a hanya, gonar da ke can ƙarshe ta bushe, ke kuwa tukunyar turararki ta zauna a kife.

Sa'ad da aka gina madatsar Tiga, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama a 1974, da sarƙar awo da ma'auni mai ƙafa uku ake aiki. A rubuta lissafi a littafi, a zana taswira da hannu. Shekaru suka wuce, hanyoyin ruwa suka tsattsage, laka da ciyawa suka cushe su. A 2014 Bankin Duniya ya yarda da ba da rance don shirin TRIMING, watau na gyaran noman rani a nan, da Bakolori, da kwarin Haɗeja.

Tsakanin waɗannan shekaru sana'ar gini ta sāke ƙwarai. Mai awo na zamanin nan sanda yake riƙewa mai na'ura a ka, tana karɓar saƙo daga tauraron ɗan'adam, ta faɗa masa inda yake tsaye da tudun wurin. Wani ya tashi ɗan jirgi maras matuƙi ya ɗauko hoton fili. Kwamfuta kuma ta lissafa yawan ƙasar da za a haƙa da sumuntin da za a zuba.

Kada ki zaci kuɗi kaɗai ke kawo wannan. Dubi yadda sabon ɗinki yake yaɗuwa. Ba wadda ke koyonsa a kulle cikin ɗaki. A gidan biki ake gani, a tambayi ƙawa, a ari nata a kai wa tela. Haka magina suke. Mai ba da rance ya ce sai ya ga shaidar aiki kafin ya saki kuɗi. Injiniya mai duba aiki ya ce shi zanen kwamfuta yake so. Babban kamfani, ko yana so ko ba ya so, ya koya. Ƙaramin ɗan kwangila da aka yankar wa aiki ba shi da halin sayen na'ura, sai ya yi haya, yaronsa ya tsaya kusa da mai ita yana kallo, bara yana riƙe sanda, bana shi ke awo. Su kuma jami'o'i, irin su Bayero da ta Wudil, suna yaye samari da 'yan mata masu hannu a kwamfuta. Kamfanin da ya ware kansa, ba ya aro, ba a aro wurinsa, shi ne za ki tarar na'urarsa mai tsada tana shan ƙura a sito.

Har manoma suna cikin wannan zumunci, gama akwai ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. In gefen hanya ya ɓalle, hoto ɗaya ta WhatsApp ya fi dogon bayani, ya kuwa riga mai babur isa ofis.

Saura ke, 'yar makaranta. Aikin nan yanzu lissafi ya fi bukata, ba ƙarfin damtse ba, ana kuwa yin da yawansa a zaune a inuwa. Mata injiniyoyi na Nijeriya suna da ƙungiyarsu tun 1982. Uwa, in 'yarki ta buɗe littafin lissafi da dare, a ɗaga mata wanke-wanke zuwa safe. In kuma kun bi ta Kadawa kuka ga mai sandan nan a bakin ruwa, ku gaishe shi, ki bar yarinya ta tambaye shi abin da na'urar ke nunawa.