Tazargade: inda take amfani da inda za mu dakata

Ƴan uwa mata, da damana ta sauka masassara ke shigowa gidajenmu, kuma abin da hannunmu ke fara lalubowa shi ne ƙullin tazargade. Wurin kakanninmu muka gaje ta: a jiƙa busasshen ganyen a sha don ciwon ciki ko tsutsa, a zuba a ruwan wankan yaro in jikinsa ya yi zafi, wasu su turara ɗaki da ita. Ɗaci kam, sai wanda ya ɗanɗana.

Danginta na da yawa a duniya. A ƙasar Sin ana ƙona busasshen ganyen wata irinta kusa da fata don ciwon jiki. Daga wata irin kuma wata mace mai bincike, Tu Youyou, ta ciro sinadarin da ke cikin ƙwayoyin palu da ake ba mu a likita, har ta samu kyautar Nobel a 2015.

To, nan ne muke ruɗewa. Ƙwaya an auna ta, jiƙo ba shi da awo, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a yi maganin palu da jiƙon ganyen ba. Zafi na iya sauka alhali cutar na nan cikin jini, kuma palu ba ya ba ƙaramin yaro kwanaki da yawa.

Mai ciki kuwa ta nisance ta gaba ɗaya, don an san danginta da tsinko jinin al'ada.

In yaro ya yi zafi, a kai shi likita ranar, a gwada jininsa. Wadda ba ta da kuɗin mota ta yi magana, mu ranta mata daga asusu.