Gyaran Jitar Bes: Abin da Za a Ƙera a Gida da Abin da Sai An Saya

Jitar bes ba kowa ya san sunanta ba, amma kusan kowa ya san muryarta. Ita ce mai amon nan mai kauri da ke dukan ƙirji idan ƙungiyar makaɗa na wasa. A ƙasar Hausa masu kaɗa ta ba su da yawa, domin yawancin waƙoƙin fina-finai da na biki da fiyano ake haɗa su a situdiyo. An fi samunta a majami'u, da wurin makaɗan badujala, da hannun samari 'yan ƙalilan. Kayan da masu sayensa ba su da yawa kuwa ɗan kasuwa ba ya ajiye shi. Shi ya sa wanda tasa ta lalace a Zadawa ko Azare, sai ka ga ya jingine ta yana jiran mai zuwa Sabon Garin Kano, ko mai saro kaya daga kasuwar Alaba a Legas.

A ganina, rabin wannan jira ba shi da dalili.

Tun asali an ƙera ta ne yadda za a iya kwance ta. Lokacin da Leo Fender ya fitar da samfurin Precision a Kalifoniya ta Amurka a 1951, bai manne wuya da gangar jiki ba, da kusoshi huɗu masu zare ya haɗa su. Shi kansa da gyaran rediyo ya fara sana'a, kuma hakan ya nuna a aikinsa. Yawancin jitocin da ke shigowa daga Sin da Indunusiya a yau wannan tsari suka kwaikwaya.

A fara da ɓangaren lantarki, domin nan aka fi tsorata, alhali nan ne ya fi sauƙi. Idan sauti na ɗaukewa yana dawowa, galibi ramin da ake cusa waya ne ya saki, ko dalmar da ta riƙe wayar ta balle. Ramin nan mai faɗin milimita 6.35 ne, irin na amfilifaya da wasu makirfo, don haka mai gyaran rediyo da lasifika ya san shi sarai. Mamurɗin ƙara sauti shi ma ba baƙonsa ba ne. A dai karanta lambar da ke bayan tsohon, sau da yawa 250K ce, a sa irinta. Idan kuma jitar na gurnani ko an taɓa tsirkiya ba ta lafawa, a duba wayar da ta ratsa zuwa ƙarƙashin jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a kan gangar jiki, kafin a ɗora wa janareta laifi. Wasu jitocin suna da batir mai bolt 9 a baya, kuma ana yawan kai su gyara alhali batirin ne kawai ya mutu.

Fikof, wato abin da ke ɗaukar motsin tsirkiya ya mai da shi lantarki, maganaɗisu ne da aka naɗe da wayar jan ƙarfe sau dubbai. Masu naɗin koyil ɗin fanka da janareta sun fahimci aikin, sai dai wayar nan siririya ce kamar gashin kai, ba irin tasu ba. In aka naɗa mai kauri, sautin zai fito a raunane. Wannan gara a nemi na wata matacciyar jita a ciro.

Ɗan abin nan mai tsaga huɗu da tsirkiyoyi ke hawa a saman wuya, na roba ne a jitoci masu araha, kuma yana saurin fashewa. Na gida ya fi shi. A karɓi ƙashin ƙafar sa a mahauta, a dafa shi a cire maiƙo, a shanya ya bushe, sannan a sassaƙa da magagari da samfefa ana gwadawa da tsohon. Manyan maƙera jita a duniya ƙashi suke sa wa masu tsadar. Marfin roba na gaba da na baya ma ana iya yanka su daga kowace roba mai kauri.

Jaki kuwa maƙeri ko mai walda zai iya lanƙwasa shi daga farantin ƙarfe, amma a nan awo ne sarki. Tsawon tsirkiya daga ƙashin sama zuwa jaki inci 34 ne a yawancinsu, kimanin santimita 86, kuma ƙarfe na 12 cikin waɗanda ke gicciye a wuya shi ne tsakiya. Jaki ya goce ko kaɗan, duk yadda aka ɗaure tsirkiya kiɗan ba zai daidaita ba.

Tsirkiya ce ba ta da makwafi. Gaskiya ne muna da tarihin dabara: marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zaga duniya da kuntigi, kayan kiɗan da ake yi da gwangwanin kifi da fatar akuya, kuma Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko. Amma bes daban take. Tsirkiyarta mafi kauri tana karkaɗawa sau 41 kacal a daƙiƙa, kuma ba ta iya hakan sai don an naɗe wata waya a kan ta ciki, ta yi nauyi ba tare da ta sandare ba. Izgar doki ta goge ko zaren roba kuwa maganaɗisu ba ya jin su sam. Abin da za a iya yi shi ne tsawaita ranta: a riƙa goge gumi bayan wasa, in ta dushe a tafasa ta a ruwa na 'yan mintoci a busar da ita sosai. Muryar kan dawo na ɗan lokaci.

Sai maganar yanayi. Hunturun yankin Katagum na busar da katako, damina ta kumbura shi, ga tsirkiyoyi huɗu na jan wuya da nauyin da ya kai kilo 70 ko fiye. Idan wuya ya lanƙwasa, ba sabo ake nema ba. Akwai sandar ƙarfe a cikinsa da ake juyawa da alanki. A juya rubu'in zagaye, a bari ya kwana, a sake dubawa. Mai gaggawa kan tsinke sandar, kuma wannan ɓarna ce da babu kafintan da zai so a kawo masa.

Wanda zai aika sayayya Kano ko Jos, kada ya tsaya ga faɗin suna a waya. Kunnuwan ɗaure tsirkiya ba girmansu ɗaya ba, akwai na dama da na hagu, kuma akwai jitoci gajeru masu inci 30 da masu tsirkiya biyar. Ya ciro abin da ya lalace ya ba ɗan aike ya tafi da shi, tare da kusoshinsa a ƙulle cikin leda.