Amfani da Girgizar Ƙasa ta Nesa Wajen Gano Shimfiɗun Ƙarƙashin Ƙasa

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan dabarar da masana kimiyyar ƙasa ke bi su gano abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba tare da haƙa ba, wato ta hanyar nazarin igiyoyin girgizar da ta auku a wata nahiya mai nisa.

2.0 Yadda Dabarar Take

Girgizar ƙasa kan haifar da igiyoyi iri biyu masu ratsa cikin duniya. Igiyar farko takan yi gudun kimanin kilomita 6 a daƙiƙa guda a cikin ɓawon duniya, ita kuwa ta biyu kimanin kilomita 3.5. A yayin da igiyar farko ta taso daga ƙasa ta tarar da iyakar shimfiɗu biyu mabambanta, sai wani ɓangare nata ya rikiɗe ya koma igiya ta biyu. Da yake ta biyun ba ta kai ta farko sauri ba, takan iso na'urar awo a makare. Gwargwadon wannan jinkiri, gwargwadon zurfin iyakar. An fi amfani da girgizar da nisanta ya kama daga kilomita 3,300 zuwa 10,000, domin igiyoyinta kan iso kusan a miƙe daga ƙasa. Charles Langston ya yi amfani da dabarar a Dutsen Rainier na Amurka a 1979.

Sai dai shimfiɗun kusa sun fi wuyar ganowa, saboda jinkirinsu kan gaza daƙiƙa guda, sannan igiyoyin kan yi ta kai-komo a cikin laka da yashi. Don haka ake jera na'urori masu yawa kusa da juna, a tara bayanan girgiza da dama a gwama.

3.0 Kammalawa

Muhimmancin aikin ya fito fili a 1985, lokacin da lakar tsohon tafkin da aka gina birnin Meziko a kai ta ƙara ƙarfin girgizar da ta taso daga nisan fiye da kilomita 300, dubban mutane suka halaka. Sanin kaurin irin wannan laka kafin a yi gini zai rage asara. Bugu da ƙari, dabarar ta dace da ƙasashe irin Nijeriya, inda babbar girgiza ba ta cika aukuwa ba, tun da girgizar wasu nahiyoyi ta wadatar.