Sudoku: Wasan Jera Alƙaluma

Sudoku wasa ne na jera alƙaluma cikin hatimi mai gida 81, watau layi tara a tsaye, tara a kwance, an kuma kasa shi ɗaki tara. Sharaɗinsa ɗaya ne: alƙaluma 1 zuwa 9 su fito sau ɗaya tak a kowane layi da kowane ɗaki. An fara buga shi a Amurka cikin 1979, ya sami sunansa a Japan, sa'an nan ya game duniya bayan jaridar Times ta Landan ta ɗauke shi cikin 2004.

Ya bambanta da hatimin malamai, irin wanda Muhammadu al-Katsinawi ya wallafa littafi a kansa cikin 1732, gama a can jimlar layi ake nema. Sudoku kuwa ba ya bukatar lissafi. Da za a sa haruffa tara maimakon alƙaluman, da wasan bai sake ba. Aikin mai wasa shi ne kawar da abin da ba zai yiwu ba, har ɗaya ya saura.

Lalle mai yinsa kullum yakan gwanance, amma ba a tabbatar yana hana ruɗewar tsufa ba. Amfaninsa ga ɗalibi shi ne sabo da kafa hujja, muddin malami ya hana shi kintace.