Me Ya Sa Waƙoƙin Ƙuruciya Suka Fi Daɗi?

TAMBAYA: Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Gusau, malamin makaranta da ya yi ritaya. Bayan gaisuwa yana cewa: "Shekaruna sun doshi 70. A 1977, ina kwalejin horon malamai, na tara kuɗin alawus na sayi faifan Bob Marley mai suna Exodus, kuma har yau ban ji faifan da ya kama ƙafarsa ba. 'Ya'yana suna yi mini dariya, wai tsufa ne kawai. Don Allah ku raba mana gardama. Shin waƙoƙin wancan zamani sun fi na yanzu ne da gaske, ko kuwa kunnena ne ya tsaya wuri ɗaya? Sannan gaskiya ne 1977 ta fi sauran shekaru albarkar kiɗa?"

AMSA: To malam, mun gode da wannan takarda, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kai da 'ya'yan naka kowa da tasa gaskiyar, amma bari mu fara da tasu, don ita ce ta fi wuyar haɗiya.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa idan aka ce wa dattijo ya ba da labarin rayuwarsa, yawancin abin da zai tuno bai wuce wanda ya faru yana tsakanin shekara 10 zuwa 30 ba. A tsakanin nan ne mutum yake yin abubuwa da yawa karo na farko: barin gida, shiga makarantar kwana, karɓar albashin fari, zuwa zance. Abin da aka yi da fari kuwa ya fi zama a zuciya. Duk waƙar da take tashe a lokacin sai ta manne da waɗannan al'amura, kamar yadda ƙanshin turare yake kama riga. A 1989 wasu masu bincike biyu a Amurka, Morris Holbrook da Robert Schindler, sun kunna wa mutane masu shekaru daban-daban waƙoƙin da suka yi tashe tun daga shekarun 1930 zuwa na 1980. Sai suka tarar kowa ya fi son waƙoƙin da suka fito lokacin da yake wajen shekara 24 da haihuwa. Wasu binciken da aka yi daga baya sun sauko da lissafin zuwa wajen shekara 14, amma dai duk cikin ƙuruciyar ake. A 2011 kuma masana a Jami'ar McGill da ke Kanada suka nuna cewa idan mutum yana jin kiɗan da ke ratsa shi, ƙwaƙwalwarsa tana sakin sinadarin nan dofamin, wanda take saki idan an ci abinci mai daɗi. Wato ke nan malam, in ka ɗora faifan nan ba muryar Bob Marley kaɗai kake ji ba. Har da ɗakin kwanan ɗalibai, da abokan da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya, da ƙarfin jikin da kake da shi a lokacin.

Sai dai akwai abin da 'ya'yan naka ba su sani ba, shi ne yadda ake sauraron waƙa a wancan zamani. Tsohon faifan garmaho ba ya ɗaukar fiye da minti uku zuwa huɗu a kowane gefe. Idan kiɗan yana da tsawo sai a zuba faya-fayai da yawa cikin wani littafi mai aljihuna irin na ajiye hotuna, daga nan ne ma sunan albam ya samo asali. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifai mai ɗaukar minti ashirin da 'yan kai a kowane gefe, sai mawaƙa suka fara tsara waƙoƙinsu bi da bi, wannan ta share wa wannan hanya. Dubi Exodus ɗin naka. Waƙa goma ce a ciki. Gefen farko kusan duk maganar zalunci ce da addini da gudun hijira, in ka juya kuma sai ka faɗa cikin waƙoƙin soyayya da zaman lafiya. Ba a tsallake waƙa, don ɗaga allurar nan a mayar sai mai hannu, in ba haka ba ka karce faifan ka jawo wa kanka baƙin ciki.

Ga kuma tsada. Ko da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, kowa ya ruga sayen rediyo da rikoda da babur, ba kowane saurayi ne yake da faifai goma nasa na kansa ba. Wanda ya mallaki ɗaya, to fa sai ya ji shi sau ɗari, ya haddace har inda yake ƙara. Da kaset ya yawaita, wanda kamfanin Philips ya ƙirƙiro tun 1963, sai aka koma ɗaukar waƙa daga rediyo, ana zaune ana jiran shirin zaɓi sonka, yatsa a kan maɓalli, ana addu'a kada mai gabatarwa ya sa baki a tsakiyar waƙar Shata ko ta Ɗanmaraya Jos. Zare ya tsinke a liƙe shi, ya warware a naɗe da biro, batir ya yi sanyi a shanya shi a rana. Kuma ba mutum ɗaya ke ji ba, duk majalisa ce. A ganinmu wannan ita ce babbar hujjarka. Yaron yau yana da waƙa dubu a cikin waya, yana jin rabin wannan ya tsallaka waccan, shi kaɗai da abin toshe kunne. Ba laifinsa ba ne, amma da wuya waƙa ɗaya ta samu irin zaman da Exodus ya samu a wurinka.

Mu koma kan 1977. Lalle shekara ce da ba ta da saurin mantuwa. Daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu aka yi bikin FESTAC a Legas, ƙasashe fiye da 50 suka halarta, aka kuma yi gagarumin hawan daba a Kaduna. Stevie Wonder ya zo daga Amurka, Miriam Makeba ta zo, haka ma Franco daga ƙasar da a lokacin ake kira Zayar. Fela Anikulapo Kuti ya ƙi shiga bikin, ya ci gaba da kiɗansa a gidan rawarsa, baƙin kuma suka riƙa sulalewa da dare suna zuwa kallonsa. Faifansa Zombie, wanda ya yi wa sojoji shaguɓe, yana tashe a lokacin. Ko mako ɗaya ba a yi da rufe bikin ba, ranar 18 ga Fabrairu, sojoji suka afka wa gidansa na Kalakuta suka ƙone shi, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo ta taga, ta rasu a shekarar da ta biyo. A daidai wannan lokaci kuma ba inda za ka shiga, daga Kano har Kumasi, ba ka ji Sweet Mother ta Prince Nico Mbarga ba, wadda wani kamfani a Onica ya fitar a 1976 bayan EMI ya ƙi karɓarta.

Shi kuwa Exodus, a London aka ɗauke shi. 'Yan bindiga sun harbi Bob Marley a gidansa da ke Kingston ta Jamaika ranar 3 ga Disamba 1976, ya tsira da rauni, ya bar ƙasar. Faifan ya fito a watan Yuni 1977, ya yi mako 56 a jere cikin jerin waɗanda aka fi saye a Ingila. Mai shi bai yi tsawon rai ba, ya rasu a watan Mayu 1981 yana da shekara 36. A 1999 mujallar Time ta Amurka ta zaɓi Exodus a matsayin faifan da ya fi kowane a ƙarni na 20. Ka ga ashe malam kana da kunne, ba kai kaɗai ba ne.

Amma cewa 1977 ta fi duk sauran shekaru, a nan ne za mu ɗan ja da kai. Tambayi ƙanenka, zai ce 1982 ce, shekarar da Michael Jackson ya fitar da Thriller, faifan da ya fi kowane ciniki a duniya, kuma shekarar fim ɗin Indiya Disco Dancer. Wanda ya tasa a ƙarshen shekarun 1990 kuwa, kiɗan fim ɗin Sangaya zai kawo maka. Kada kuma a manta lokaci rariya ne. A 1977 ɗin ma an buga waƙoƙin banza ba adadi, sun bi ruwa, ba mai tuna su. Tsabar da ta rage kake gwadawa da amfanin bana wanda ko sussuka ba a yi masa ba.

Game da dariyar da ake yi maka a gida, ga abin da za ka riƙe. A 2013 masu bincike a Jami'ar Cornell sun gano cewa ɗalibai matasa suna da shauƙi na musamman ga waƙoƙin da suka yi tashe lokacin ƙuruciyar iyayensu, saboda da su aka rene su a gida. Ka gwada kunna gefe na biyu wata rana da yamma ba tare da ka ce komai ba, ka lura da bakin wa zai fara motsi. Faifan kuma in yana nan, a adana shi a tsaye, nesa da rana, don zafi yana tanƙwara shi. Kasuwarsa ma ta dawo: a 2022 yawan irin waɗannan faya-fayai da aka sayar a Amurka ya zarce na CD, karo na farko tun 1987.

Da fatan malam ya gamsu. A gaida mutanen Gusau.