Yadda Ake Rabon Kuɗin Kiwon Lafiya a Nijeriya

Nauyin kiwon lafiya a Nijeriya an kasa shi gida uku: gwamnatin tarayya ce ke riƙe da asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, jihohi suna kula da manyan asibitocin garuruwa, ƙananan hukumomi 774 kuwa an bar musu matakin farko, wato asibitocin sha-ka-tafi inda ake awon ciki da rigakafi da maganin zazzaɓin cizon sauro. A matakin nan na ƙasa ne mafi yawan jama'a ke fara neman magani, amma shi ne ya fi ƙarancin kuɗi.

Dalilin haka yana cikin tsarin rabon kansa. Kowane wata akan raba kuɗin Asusun Tarayya, inda tarayya ke ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60, sai dai kason ba ya zuwa da sharaɗin abin da za a kashe wa lafiya, don haka kowane gwamna da majalisarsa su ke yanke abin da suka ga dama. Kason ƙananan hukumomi ma ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, lamarin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kansa a watan Yulin 2024, ta ce a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu, amma na tarayyar Nijeriya yawanci tsakanin 4 da 6 yake tsayawa, kuma albashi ne ke cinye mafi yawansa.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta yi ƙoƙarin toshe wannan giɓi ta hanyar kafa asusun kiwon lafiya a matakin farko, wanda ke karɓar aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Dokar ta ba hukumar inshorar lafiya rabin kuɗin domin biya wa marasa ƙarfi, kashi 45 kuma na magunguna da gyaran gine-gine da ma'aikata, ragowar kashi 5 na agajin gaggawa. Abin takaici, sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi. Muhimmancinsa shi ne wani ɓangare yana shiga asusun bankin asibitin kai tsaye, kwamitin mazaɓa yana sa ido, ta yadda ma'aikacin jinya zai iya sayen magani ko gyara rufi ba tare da jiran sakatariyar ƙaramar hukuma ba.

Duk da haka, fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar daga aljihun majiyyata da danginsu yake fitowa, shi ya sa wata doka da aka yi a 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin waɗanda ba su da halin biyan kuɗin shiga inshorar.