Madara Ba Ta Wanke Ƙirjin Mai Fenti

Duk wanda ya saba da kafintoci da masu fentin mota a Katsina ya san al'adar. Da an gama feshi, an kashe kwamfireso, sai a aiki yaro ya sayo madarar gwangwani, a huda, a shanye, wai tana wanke fentin da aka shaƙa. Daga Ƙofar Sauri har Ƙofar Ƙaura maganar ɗaya ce. Sau da yawa maigida ne da kansa yake saya wa yaran shago, da zuciya ɗaya, don yana ganin ya sauke nauyin da ke kansa. In ka ce masa ba ta yin komai, sai ya ce maka shekara da shekaru suna sha, ga su nan da ransu.

Wannan magana tana damuna ƙwarai, domin ta sa mutane sun saki jiki da abin da ke cin su a hankali.

A maƙogwaron ɗan Adam hanya biyu ce. Ɗaya ta abinci, ta gangara ciki. Ɗaya ta numfashi, ta shiga huhu. Madara tana bin ta farko, hazon fenti yana bin ta biyu, kuma da sun rabu a maƙogwaro ba inda suke sake haɗuwa. Da ɗigon madara zai kuskure ya bi hanyar numfashi, ƙwarewa mutum zai yi, ya yi ta tari har sai ya fito. Mai shan madara bayan feshi kamar mutumin da gobara ta kama ɗakinsa ne, ya ɗauki bokiti ya je yana sheƙa ruwa a ɗakin maƙwabci. Ruwan na gaske ne, wahalar ɗaukarsa ma ta gaske ce, amma wutar tana can tana ci. Sanyin da ake ji a wuya bayan an sha, ƙaiƙayin maƙogwaro ne ya lafa. Abin da ya shiga huhu kuwa, wani ya riga ya bi jini, wani ya manne a hanyoyin iska. Madara abinci ce mai kyau, ba mai hana ma'aikaci ya sha. Can baya ma wasu masana'antun Turai sun riƙa raba ta ga masu aiki da dalma, amma abin da ya rage musu cuta shi ne janye ƙura da tururi daga wurin aiki.

Asalin bindigar fenti ma ya isa ya nuna inda hazon yake zuwa. A 1888 wani likita a garin Toledo na Amurka, Allen DeVilbiss, ya ƙera ɗan abin feshi don ya riƙa kai magani cikin hanci da maƙogwaron marasa lafiya. A 1907 ɗansa Thomas ya ɗauki wannan dabara ya yi bindigar fesa fenti. Aikinta kenan har gobe: iska mai ƙarfi ta daki ruwa ta farfasa shi ya zama hazo. Ɗigon da bai kai maikiron 10 ba yana wuce hanci ya gangara ƙirji, alhali kaurin silin gashi ɗaya yakan kai wajen maikiron 70. Da bindiga irin ta da, fentin da ke sauka a jikin katako ko ƙarfe sau da yawa bai kai rabi ba. Sauran yana cikin iska, kuma yakan daɗe yana yawo bayan ido ya daina ganinsa.

Mafi yawan haɗarin yana wurin shafin ƙarshe, wato kiliya, wannan ruwa garai-garai da ke sa gadon amarya da wadirof su yi ta ɗaukar ido. Sheƙi ba komai ba ne illa santsi: in saman abu ya kwanta sumul, haske yana dukansa ya dawo gaba ɗaya. Ƙura ɗaya ta faɗa kafin ya bushe, aikin ya ɓaci, sai an koma da samfefa. To mu kuwa a nan hunturu ƙura ce sana'arsa, kuma biki ba ya jiran ƙura ta kwanta. Sai ka ga an ja allon gado cikin shago, an yayyafa ruwa a ƙasa, an rufe ƙofa, an toshe taga da buhu. Yaro ɗan shekara goma sha yana riƙe da tiyo, maigida yana kai hannu yana dawowa, hazo ya cika ɗakin har ƙwan lantarki ya dusashe. In sun fito, gashin gira da na hanci duk sun ƙage. An kare allon gado daga ƙura, su kuma sun shaƙi abin da ya rage.

Me suka shaƙa? Da farko akwai tina, wadda yawanci ke ɗauke da sinadaran toluwin da zailin. Toluwin ɗin nan shi ne ke sa maye a sholisho. Jiri, ciwon kai da kasala bayan feshi daga nan suke, kuma yawan shaƙa na shekaru yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Sai kuma hadna, wannan ƙaramin gwangwani da ake zubawa a kiliyar mota don ta yi tauri. A cikinsa akwai sinadarin aisosayanet, wanda ke kan gaba wajen jawo asma ta wurin aiki. Hukumar lafiyar ma'aikata ta Birtaniya, HSE, ta taɓa ƙiyasta cewa mai fesa fentin mota ya fi sauran ma'aikata haɗarin kamuwa da asma kusan sau 80. Tun 1989 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, IARC, ta sa sana'ar fenti cikin ayyukan da aka tabbatar suna jawo kansa, daga baya ta ambaci ta huhu da ta mafitsara.

Ɗaura ƙyalle a hanci ko takunkumin zamanin korona ba ya tare tururin tina. Wanda ke tarewa shi ne takunkumin roba mai gwangwanin gawayi a gefe, shi ma sai ana sauya gwangwanin. Ga kiliya mai hadna kuwa, abin da masana suka tsaya a kai shi ne takunkumin da ake turo masa iska mai tsabta ta tiyo, da ɗakin feshi mai fanka da ke zuƙe hazo ta fitar da shi inda ba mutane.

Masu ƙananan ayyuka ma kada su ce babu ruwansu. Ɗaliban zanen gine-gine, irin na Kwalejin Hassan Usman Katsina ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suna haɗa samfurin gida da kwali su fesa masa fentin gwangwani, wani lokaci a ɗakin da za su kwana. Ƙaramar bindigar masu zane da masu ƙera samfurin mota da jirgi, wadda bakinta bai wuce rabin milimita ba, hazonta ya fi laushi, kuma fuskar mai aiki tana dab da shi. In fentin na ruwa ne abin da sauƙi, in na tina ne sai a fita waje.

Dokar masana'antu ta 1987 ta yi maganar iska da tururi a wurin aiki, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta haɗa da cutar da sana'a ke jawowa. Amma shagon kafinta mai yara huɗu a cikin unguwa, wa yake leƙa shi? Mai karɓar haraji ya san ƙofar. Ina ganin duba-gari da ƙungiyoyin masu sana'ar za su iya farawa da abu ɗaya: kowace ƙungiya ta samu ɗakin feshi guda mai fanka, mambobi su riƙa biya suna shiga, tunda ƙurar da suke gudu ma ba za ta same su a can ba. Mu masu sayen kayan ɗaki muna da namu laifin, don mukan kawo aiki ana saura mako ɗaya biki, mu ce sai ya yi ƙyalli kamar madubi.

Asmar hadna tana da wata ɗabi'a da ke ɓatar da mutane: sau da yawa ba a shago take tashi ba, sai cikin dare ƙirji ya riƙe, numfashi ya riƙa fito da ƙara, a ɗauka sanyi ne. Mai fentin da ya lura tarinsa yana sauƙi ranar da bai yi feshi ba, ya je asibiti, kuma ya gaya wa likita sana'arsa tun kafin a tambaye shi. In jiki ya riga ya ƙi sinadarin, ko ɗan kaɗan ya shaƙa ciwon zai tashi, kuma wasu dole su bar feshi gaba ɗaya.